Ƙunshin Wanki Ya Tona Asirin Shekara 43

Ran nan muna zaune da ƙanena ana labarai a talabijin, sai aka nuno hoton wani da hukuma ke nema ruwa a jallo, wai ya yi shekaru ba a san inda ya shige ba. Yaron nan ya ja tsaki, ya ɗaga wayarsa yana kaɗa mini ita a fuska.

"Yaya, duk wasa ne wannan. Da ɗan abin nan da ke hannuna ma ana sanin inda mutum ya kwana. Ga tauraron ɗan'adam a sama, ga kyamara a kowace kusurwa. In sun ga dama, kafin la'asar sun damƙo shi."

Na ce masa ya rage kallon fim. Ya ce ai ni ne zamani ya wuce.

Maganar ta tsaya mini a rai, don ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba. Mutane da yawa sun ɗauka akwai wani ɗaki mai cike da allunan kwamfuta, inda ake danna maɓalli sai ga mai laifi ya bayyana yana tafiya a titi. Ni kuwa abin da na fahimta, bayan na daɗe ina bibiyar labaran manyan kamu, shi ne mutum ke kama mutum. Mai gudun hukuma yana iya jefar da waya, ya sake suna, ya tara gemu. Amma ba ya iya jefar da matarsa da 'ya'yansa, ko ciwon da ke jikinsa, ko halin da ya tashi da shi. Ta nan ake shigo masa. Kuma duk wanda ka ga ya daɗe a ɓoye, to akwai masu rufa masa asiri, wani lokaci ma a cikin masu neman nasa.

Wanki

Bernardo Provenzano shi ne uban 'yan Mafiya, wato ƙungiyar manyan masu laifi ta tsibirin Sisili a Italiya. Ya ɓace tun 1963. Hoton da 'yan sanda ke da shi na ƙuruciyarsa ne, har ta kai sai dai su zana yadda suke tsammanin tsufa ya mayar da shi. Ba ya taɓa waya. Umarninsa yana buga shi ne da tafireta a 'yan guntayen takardu, a naɗe su ƙanana, wannan ya miƙa wa wancan har su isa inda aka aike su. Wace na'ura ce za ta saurari takardar da ke cikin aljihun manomi?

Sai masu bincike suka koma kan abin da kowane ɗan'adam ke buƙata. Tsoho ne, dole ya sa tufafi, kuma dole wani ya wanke masa su. Suka sa wa gidan matarsa ido a garin Corleone. Ƙunshin kaya ya fito daga gidan. Ba a kai shi kai tsaye ba: ya kwana nan, ya wuni can, ya sauya hannu, su kuma suna biye daga nesa ba su taɓa kowa ba. A ƙarshe ya isa wani gidan gona da ake ganin kamar ba kowa a ciki. Ƙofa ta buɗe aka karɓi kayan. Ranar 11 ga Afrilu, 2006 ke nan. Suka shiga suka tarar da dattijo mai shekara 73 da tafiretarsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wurin. Tsakanin gidan gonar da garin da aka haife shi 'yan kilomitoci ne kawai. Shekara 43 ana nema, ashe kaza ce ta kwana kan dami.

Ka tsaya ka auna haƙurin da ke cikin wannan aiki. Ɗan sanda yana kallon ɗan aike ɗauke da ƙunshin da ya tabbata na mutumin da ake nema ne, hannunsa na ƙaiƙayi, amma ya bar shi ya wuce. Da ya cafke ɗan aiken farko, da zaren ya tsinke a nan, a fito a yi taron manema labarai, tsohon kuma ya sauya makwanci kafin gari ya waye.

Jiki da jini

Wanda ya fi shahara bayansa, Matteo Messina Denaro, ya yi shekara 30 a ɓoye, daga 1993. Shi ciwo ne ya bashe shi. Jami'ai sun shiga gidan 'yar'uwarsa a asirce don su dasa na'urar naɗar magana, sai suka ci karo da wata takarda da aka cusa a cikin ƙafar kujera, an rubuta tarihin jinyar wani mai ciwon daji, har da ranakun da aka yi masa aiki. Suka ɗauki ranakun suka shiga kundin marasa lafiya na ƙasa, suna tace maza masu irin shekarunsa da irin ciwonsa, har suka tsaya kan suna ɗaya. Mai sunan na ainihi lafiyarsa ƙalau, aron sunan aka yi. Ranar 16 ga Janairu, 2023, Messina Denaro ya zo wani asibitin kuɗi a Palermo karɓar magani, ya tarar ana jiran sa. Shi ma a wani ƙaramin gari yake zaune, kusa da mahaifarsa.

Pablo Escobar na Kolambiya, mai safarar hodar iblis, ya fi kowa sanin ana sauraron waya. Duk da haka ranar 2 ga Disamba, 1993, ya daɗe yana magana da ɗansa, don hankalinsa na kan iyalinsa. A kan rufin wani gida a Medellín aka harbe shi a ranar.

Félicien Kabuga kuwa, attajirin da aka zarga da zuba kuɗi a kisan ƙare dangi na Ruwanda a 1994, ya yi kusan shekara 26 yana yawo da sunayen bogi. Da masu bincike suka gaji da neman sa, sai suka koma kan 'ya'yansa da ke warwatse a Turai. Suka lura wayoyinsu, ko daga wace ƙasa suka taso, suna yawan haɗuwa a unguwa ɗaya a gefen birnin Paris, Asnières-sur-Seine. Tsoho ba shi da lafiya, 'ya'ya na karɓa-karɓar jinya. A watan Mayu na 2020 aka ƙwanƙwasa masa ƙofa.

"To ai ka ga, waya ce ta kama su"

Haka ƙanena ya ce da na ba shi waɗannan labarai, har da tafa hannu. Kuma ban ce na'ura banza ce ba. Ba don bayanan waya ba da Kabuga ya mutu a gadonsa, ba don kundin asibiti na kwamfuta ba da an daɗe ana laluben Messina Denaro.

Amma na'ura ba ta san tambayar da za a yi mata ba. Wayoyi miliyan nawa ne a Paris? Sai da wani ya zauna ya yi tunanin cewa tsoho mai ciwo ba ya rabuwa da 'ya'yansa, sannan aka san layukan da za a bi. Kundin asibitin Italiya yana nan tun da daɗewa, amma bai yi amfani ba sai da wani ya juya kujera ya leƙa ƙafarta.

Usama bin Laden ya nuna iyakar na'ura ƙarara. Ƙasar da ta fi kowace kayan leƙen asiri ta yi kusan shekara goma tana neman sa bayan harin 11 ga Satumba, 2001. Gidan da yake ciki a Abbottabad na Pakistan ba layin waya, ba intanet, shara ma ƙona ta suke yi a ciki. Ta kan ɗan aikensa aka kai gare shi a watan Mayu na 2011, bayan shekaru ana haɗa laƙabin mutumin da sunansa na gaskiya, sannan aka bi motarsa har ƙofar gida. Rashin wayar ma sai ya zama alama: gida ƙato haka, katanga doguwa, amma ba ko layi ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza.

Ko tarkon fasaha mafi girma da aka taɓa ɗanawa, amana ce ta tafiyar da shi. Hukumar FBI ta Amurka da 'yan sandan Ostireliya sun gudanar da wata manhajar saƙon sirri mai suna ANOM, aka riƙa sayar wa masu laifi wayoyin a kasuwar bayan fage, su kuma suna ta tsara safarar ƙwaya da kisa a ciki, ba su san duk saƙon da suka tura ana karantawa ba. A watan Yuni na 2021 aka kama sama da mutum 800 a ƙasashe daban-daban. Me ya sa suka yarda da wayar? Don wani na cikinsu ne ya fara raba ta, manyansu kuma suka ce tana da kyau. Da ɗan gari akan ci gari.

Idon jama'a

Jerin mutum goma da FBI ta fi nema ya samo asali ne daga tambayar wani ɗan jarida a 1949, da ya nemi a ba shi sunayen mafiya hatsari a cikin waɗanda ake nema. Labarin ya karɓu, sai hukumar ta mayar da shi tsari ranar 14 ga Maris, 1950. Sama da mutum 500 sun shiga jerin daga lokacin, an gano mafi yawansu, kuma sama da 150 daga ciki jama'ar gari ne suka yi sanadi. Wato hukuma mai wannan ƙarfi ta amince idanunta ba su isa ba, sai ta ari na mutane.

Labarin James Bulger, wanda ake kira Whitey, shi ne ya fi burge ni a nan. Ɗan daba ne na birnin Boston, da jinin mutane da yawa a hannunsa. Ya gudu a ƙarshen 1994. Shekara 16 ana baza hotonsa, amma tsohon Bature mai farin gashi da hula, ai irinsa sun fi a ƙirga. A 2011 sai aka sauya dabara. Aka bar shi aka koma kan matar da suka gudu tare, Catherine Greig. An san tana son gyaran gashi, tana kula da haƙoranta, tana son dabbobi. Aka yi tallar fuskarta, aka sa a shirye-shiryen rana da mata masu irin shekarunta suka fi kallo. Wata mata da ta taɓa maƙwabtaka da su a Santa Monica ta ga labarin tana can wata ƙasa, ta gane ta, don sun saba haɗuwa wurin kula da wata kyanwa marar gida. Ta buga waya.

Ko shiga gidan ba a yi da ƙarfi ba. An sa a gaya masa an fasa ɗakin ajiyarsa da ke ƙasa, ya sauko dubawa da ƙafarsa. Ranar 22 ga Yuni, 2011, yana da shekara 81. A cikin bangon gidan aka sami bindigogi 30 da tsabar kuɗi sama da dala 800,000. Duk wannan shiri, kyanwa ta rushe shi.

Wani lokaci ma ba dabara ba ce, aikin yau da kullum ne. Eric Rudolph, wanda ya dasa bam a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, ya shige dazukan North Carolina na Amurka a 1998. Aka bi shi da jirage masu saukar ungulu da karnuka da ɗaruruwan jami'ai, shiru. Shekara biyar bayan nan, a watan Mayu na 2003, wani sabon ɗan sanda mai shekara 21 yana sintiri da tsakar dare ya hangi mutum yana laɓe-laɓe a bayan wani kanti wurin kwandon shara. Ya ɗauka ɗan fashin shago ne. Da yaron nan ya yi zamansa a mota ya ce dare ya yi, da an ci gaba da nema.

Kuɗi fa?

Wasu za su ce ai tukuici ne ke buɗe baki, a sa kuɗi mai tsoka kawai a ga aiki. Yana buɗewa, amma ba kullum ba. An sa dala miliyan 25 a kan bin Laden, dala miliyan 5 a kan Kabuga, duk ba ta nan aka same su ba. Wanda ya san inda babban mai laifi yake, yawanci ko na jikinsa ne, ko mai tsoron sa ne. Na farko ba ya sayar da shi. Na biyu kuwa lissafinsa ɗaya ne: in na faɗa, wa zai ji cewa ni ne?

Kuma tsoron ba na banza ba ne. A 2003 wani matashi a Nairobi ya amince zai janyo Kabuga cikin tarko. Haɗuwar ba ta yiwu ba, gawarsa aka tarar a gidansa. Ita ma matar da ta tona Bulger, duk da an ɓoye ta, wata jarida ta bankaɗo sunanta ta buga. Duk wanda ya karanta irin wannan, gobe in ya ga fuskar da ake nema a layinsu, sai ya kau da kai.

Shi ya sa nake ganin babban jarin ɗan sanda shi ne a yarda da shi. Ted Kaczynski ya yi shekara 17 yana aika bama-bamai a Amurka, ya kashe mutum uku, ya raunata 23. Da aka buga dogon rubutunsa a jarida a 1995, ƙanensa David ya ji salon maganar ya yi kama da wasiƙun yayansa. Ka sa kanka a matsayinsa: uwa ɗaya uba ɗaya. Ya kai rahoto, aka kama yayan a wata bukka a Montana a watan Afrilu na 1996. Tukuicin da aka ba shi, mafi yawansa ya raba wa iyalan waɗanda abin ya shafa. Mutum ba ya miƙa ɗan'uwansa ga hukumar da yake ganin za ta harbe shi a bakin ƙofa, ko ta tsare shi kansa a matsayin wanda ake zargi.

Inda yaron ya yi gaskiya

"In sun ga dama." Wannan ɓangaren maganarsa ban iya ture shi ba.

Bulger ya san za a kama shi ne tun kafin a zo, domin ya daɗe yana kai wa FBI tsegumi, kuma jami'in da ke hulɗa da shi, John Connolly, shi ya rada masa ya gudu. Daga baya Connolly ya tafi gidan yari. Joaquín Guzmán, wato El Chapo na Meziko, ya fita daga kurkukun da ya fi kowanne tsaro a ƙasar a 2015 ta ramin da aka haƙa mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, daga banɗakin ɗakinsa, har da wuta da babur a kan dogo. Ƙasar da aka kwashe daga wannan rami ina aka zuba ta da ba wanda ya gani? Radovan Karadžić, da kotun duniya ke nema kan kisan Bosniya, yana zaune a Belgrade da dogon farin gemu a matsayin mai maganin gargajiya, yana rubutu a mujalla, yana gabatar da lacca a bainar jama'a. Aka kama shi a watan Yuli na 2008, 'yan makonni kaɗan bayan sabuwar gwamnati mai son shiga Tarayyar Turai ta hau mulki a Sabiya. Gidan bin Laden kuma bai da nisa da makarantar horar da hafsoshin sojan Pakistan. Kowa ya yi wa kansa fassara.

A nan ne ma mutane ke yi wa Interpol kallon da ba nata ba. Ba ta da dakarun da ke sauka daga jirgi su yi kamu. Ofis ne a birnin Lyon na Faransa da ke haɗa 'yan sandan ƙasashe 196, kuma jar sanarwarta roƙo ne ga ƙasashe cewa a nemo wane a tsare shi kafin a yi maganar miƙa shi. Ƙasar da ba ta so, sai ta ajiye takardar a durowa. Wasu gwamnatoci kuma sun sha amfani da ita wajen farautar 'yan adawarsu, duk da dokar ƙungiyar ta hana ta tsoma baki a siyasa.

To amma lura: ko wannan ma hujjata ce, ba tasa ba. In dama ce matsalar, to ba na'ura ce ta gaza ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ba kyamarar da ke liƙe tsagar da ke cikin ofishin masu kallon kyamarar.

Masu cewa a yi sauri

Akwai ƙorafin da na fi ɗauka da nauyi. Mai cewa: kana ta yabon haƙuri, alhali yayin da ake bin ƙunshin wanki, mutumin nan yana ci gaba da ba da umarnin kisa.

Gaskiya ne, kuma ba ni da amsar da za ta share hawayen wanda aka kashe wa uba a cikin shekarun jiran. Sai dai mun ga abin da gaggawa ke haifarwa. A bam ɗin Atlanta, mai gadin da ya fara ganin jakar ya kuma janye mutane daga wurin, Richard Jewell, shi aka fara nunawa da yatsa. Kusan wata uku jaridu na yayyaga shi kafin a wanke shi, mai laifin na gaskiya kuwa ya samu sarari ya ƙara dasa wasu. A Landan, ranar 22 ga Yuli, 2005, 'yan sanda da ke farautar waɗanda suka yi yunƙurin kai hari a jajibirin ranar suka bi wani ɗan Birazil mai gyaran wutar lantarki, Jean Charles de Menezes, har cikin jirgin ƙasa, suka harbe shi a ka. Ba ruwansa da komai, gini ɗaya kawai ya haɗa shi da adireshin da ake sa wa ido.

Dabara ma tana da nata kuɗin. A neman tabbatar da bin Laden, an shirya allurar rigakafin bogi a Abbottabad don a samo jinin yaran gidan. Da asirin ya tonu, sai ma'aikatan rigakafin gaskiya suka zama abin zargi a Pakistan, aka riƙa kashe su a kan aiki. Sai a 2014 Amurka ta yi alkawarin ba za ta ƙara fakewa da rigakafi ba. An kama mutum ɗaya, amma an taɓa amanar da za a buƙata gobe.

Da na kai nan ƙanena ya ce, "Yaya, ai rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya." Na ce masa wannan karin maganar ta fi daɗi a baki. Messina Denaro ya ci shekara 30 a waje, ya yi wata takwas a tsare, ciwon ya kashe shi a watan Satumba na 2023. Kabuga kuwa an kai shi kotun Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin Hague, an fara shari'a, shaidu sun fara ba da bahasi. A 2023 alƙalai suka yanke cewa cutar mantuwa ta ci ƙarfinsa, ba zai iya bin abin da ake faɗa a kotu ba, aka dakatar da shari'ar. Waɗanda suka tsira daga kisan 1994 sun jira kusan shekara 30 su ji hukunci daga bakin alƙali, ba su ji ba.